Tsakanin Gada da Fito a Bakin Gulbin Rima

A cikin watan Satumba na shekarar 2010, da sanyin safiya, wani malamin Hausa ya tsaya a inda kwalta ta yanke a wajen Kwalkwalawa, jakar takardu rataye a kafaɗarsa, yana kallon jan ruwa yana wucewa ta inda motoci ke bi kwanaki kaɗan da suka shige. Ambaliyar da ta biyo gulbin Rima a wannan daminar ta ci ƙauyuka da gonaki tun daga ƙasar Goronyo, ta kuma yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Duk mai buƙata a wancan hayi, ko dai ya haƙura, ko ya shiga kwalekwale. Ofishinsa yana can, da littattafansa, da kundayen ɗalibai waɗanda bai gama dubawa ba.

Shekara da shekaru yana koyar da darasin aron kalmomi, kuma babu misalin da yake jin daɗin kawowa kamar kalmar gada. Yakan rubuta ta a allo sau biyu, ya sa ɗalibai su furta: gada ta daji, wadda ke farawa da karin sautin ƙasa ta ƙare da na sama, da gada ta kan ruwa, wadda ke farawa sama ta sauko. Sannan ya bayyana musu cewa ta biyun baƙuwa ce, daga kalmar Ingilishi girder ta fito, wato dogon ƙarfen nan da ake girkawa bisa ginshiƙai, kuma ta zauna a bakin Hausawa ne a zamanin da Turawa ke shimfiɗa hanyoyi da layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911. Ɗalibai su rubuta, shi kuma ya ji ya sauke nauyi. A wannan safiya asalin kalmar yana nan daram a kansa, amma abin da kalmar ke nufi ruwa ya yi gaba da shi.

Da layi ya zo kansa sai ya ɗora ƙafa a gefen jirgin, jirgin ya karkata, matan da ke ciki suka yi salati. Matuƙin, wani saurayi da bai wuce sa'ar ɗansa ba, ya daka masa tsawa: "Malam, ba nan ba! Taka tsakiya, ka zamna ƙasa." Ya taka tsakiya, ya zauna, ya rungume jakarsa. Har suka kai gaci bai ɗaga kai ba. Tsoron ruwa yana ciki, amma kunya ta fi shi yawa, domin shi ɗan ƙanwar mai fito ne. A gidan kakanninsa na wajen uwa, wanda ya taka gefen jirgi ko yaro ne sai an yi masa dariya.

Ƙauyensu yana cikin gundumar Kwargaba a ƙasar Wurno, inda rayuwa ke tafiya da fadama: shinkafa da damina, albasa da tafarnuwa da rani. Tun yana ƙarami ya san gulbi yana da fuska biyu. Da rani ana naɗe wando a bi ta mashigi, jakuna su ratsa da kayansu, yara su yi ta tono cikin yashi. Da damina ta nutsa kuwa, sai a nemi kawunsa. Ya ga Kawu yana ƙetarar da mutane a jirgin katako da doguwar gwangwala a hannu, ya kuma gan shi, a wuraren da jirgi ba ya shiga, yana zuba tufafin matafiyi a cikin babban gora, matafiyin ya rungume goran, shi kuma ya tura shi yana iyo. Wannan sana'a ce ta ciyar da mahaifiyarsa tana yarinya. Shi dai an sa shi boko, ya wuce Sakkwato, ya wuce gaba, har ya zama mutumin da ke ƙetare Rima sau biyu kowace rana a cikin mota ba tare da ya dubi ruwan ba.

A bangon ofishin da ya sha wannan wahala don ya isa, akwai hoton da ya liƙa tun da daɗewa: tsohuwar gadar dutse ta garin Mostar a ƙasar Bosniya. Baka ɗaya tal gare ta, ta tashi daga wannan gaɓar kogin Neretva ta dira a waccan. An kammala ta a 1566, zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, ta tsaya fiye da shekara 400, aka rusa ta da luguden wuta a watan Nuwamba na 1993 lokacin yaƙin ƙasar, aka sake gina ta da dutse aka buɗe a 2004. Yana son hoton, amma son yana tafe da wani ɗaci da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Duk sa'ad da ya dube shi sai ya tambayi kansa: me ya hana mu? Ga Wurno da Goronyo a kan Rima, ga Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, a kan gulbin Sakkwato, ga tarihin sarauta da malanta da fatauci, amma bai taɓa jin an nuna wata tsohuwar gadar dutse an ce ta kakanni ce ba. Amsar da ya ba kansa a ɓoye ita ce wadda tsofaffin littattafan Turawa za su bayar, wato rashin fasaha. Bai taɓa furta ta a aji ba, bai kuma taɓa kore ta daga zuciyarsa ba.

Da ruwa ya janye, sai ya cire hoton daga bango ya tafi gida da shi. Ya tarar da Kawu ya tsufa, ido ya fara hazo, yana zaune a zaure yana gyaran koma. Bayan gaisuwa da jajen ambaliya, ya ba shi labarin yadda yaro ya yi masa tsawa a jirgi. Tsohon ya yi dariya har da tari. Sannan ya karɓi hoton, ya kai shi kusa da ido, ya daɗe yana dubawa.

"Wanga gulbi nasu," in ji shi, "baki biyu gare shi, ko? Kuma dutsi na, hagu da dama?"

"Haka ne, Kawu."

"To namu baki nawa gare shi? Bana shina nan, baɗi shina can. In ka aza dutsi nan, shekara ukku ka iske gadakka bisa tudu, jakkai na kwana ƙarƙashinta, gulbi ya koma gonaw wani."

Malamin ya koma Sakkwato da wannan magana, ya yi ta juya ta, kuma ko ta ina ya auna sai ya ga ta zauna. Neretva a Mostar yana gudana ne a cikin matsatsin kwazazzabo na dutse, inda magini ke samun abin da zai dafa ta kowane gefe. Rima kuwa, bayan ya tattaro ruwan Bunsuru da Gagare da gulbin Maraɗi, sai ya shiga fadama mai faɗin kilomitoci, ƙasanta yashi da laka, ya yi ta lanƙwasa, yana yanka sabuwar hanya yana barin tsohuwa ta zama tafki. Watanni da yawa na shekara ba a buƙatar gada, domin ƙafa ta isa. A watannin da ake buƙatarta kuwa, ba ƙwaryar gulbin kaɗai za ta haye ba, sai ta ratsa fadamar gaba ɗaya. Fatake da mayaƙan da can sun san haka, shi ya sa manyan tafiye-tafiyensu suka fi yawa da rani.

Maganar rashin fasaha ma, da ya dube ta da idon basira, sai ta watse. Ganuwar Surame, birnin Kanta na Kabi tun ƙarni na 16, da dutse aka gina ta, kuma kufanta yana nan a cikin Jihar Sakkwato. Bakan gizo kuwa, wanda shi ne kamannin da ya burge shi a hoton, magina Hausawa sun ƙware a kansa da ƙasa da azara, kamar yadda masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a ƙarni na 19, ya shaida. Mutanen da suka iya jera dutse, suka kuma iya tayar da baka, ba su haɗa biyun a kan Rima ba domin gulbin bai ba da wurin haɗawa ba. Akwai kuma dalili na tsaro. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ne a matsayin ribaɗi mai fuskantar Gobir, ya zauna a can har ya rasu a 1837, can kuma kabarinsa yake. Garin da aka gina don tsare iyaka ba ya ɗokin sauƙaƙa wa mahara hanya. Fadama cike da ruwa ganuwa ce da ba a biya magini ba.

Daga nan sai ya koma ga abin da ya fi sani, wato harshe, ya ga ashe shaidar tana gabansa tun tuni. Kafin gada ta shigo, Hausa tana da kadarko, na itace da ƙasa, wanda ake ɗorawa a kan ƙorama ko kwazazzabo. Ƙaramin abu ne, kuma kalmar ba ta yi rassa da yawa ba. Kalmomin ƙetarewa ta cikin ruwa su ne suka yi saiwa suka bazu har inda ba ruwa. Wanda ya cim ma burinsa an ce ya kai gaci. Wanda ya kuɓuta ya hau tudun mun tsira. Ƙetare, wanda asalinsa waccan gaɓar ce, yau shi ne Ingila da Amurka da Saudiyya a bakin mai karanta labarai. Hayi ya zama sunan unguwanni a Zariya da Kaduna, irin su Hayin Dogo da Hayin Banki. Fito kansa ya bar bakin gulbi ya koma bakin iyaka: kuɗin fito yanzu harajin shigo da kaya ne, 'yan fito kuma su ne masu ratsa daji da kaya don kauce wa jami'an kwastan. Ko gadar da kowane Bahaushe Musulmi ya fi sani tun yana makarantar allo, wato siraɗi, ba ta wannan duniya ba ce, kuma abin da ake koya game da ita shi ne wuyar ƙetarewa. Harshe ya adana tarihin mutanen da ƙetare ruwa ya kasance musu aiki mai haɗari, wanda ake neman gwani a kansa.

Wannan fahimta ta faranta masa rai ƙwarai, har ta so ta kai shi ga wani kuskuren. Ya fara tsara maƙala a ransa, wadda za ta nuna cewa kakanni sun fi masu gada hikima, tun da sun zauna lafiya da gulbi ba su tilasta shi ba. Da ya koma ƙauye da hutun ƙarshen zango, ya kawo wa Kawu wannan ra'ayi yana tsammanin yabo. Tsohon ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Kul, ɗan nan. Kada ka rubuta wagga magana. Da anka ce za a yi muna gada, ni am mai hwara ɗaukar dutsi."

Sai ya ba shi labarin da bai taɓa ji ba. Wata damina, cikin dare, aka buga masa ƙofa: mace ce naƙuda ta tsananta, ana so a kai ta asibiti, hanyar kuwa sai an haye ruwa. Ya fita ya saurari gulbin, ya ji yadda yake ruri, ya san in ya sa jirgi ba mutum ɗaya za a rasa ba. Ya ce a jira asuba. Mijin ya roƙe shi, ya zage shi, ya sake roƙonsa. Bai sa jirgi ba. Da gari ya waye ya ƙetare da su, an sami ceto uwar, ɗan bai zo da rai ba. Mutumin bai ƙara gaishe shi ba har ya bar duniya.

"Har yau ban san ko na yi daidai ba," in ji Kawu. "Abin da ni sani, mutum bakwai munka shiga jirgin da sahe, mutum bakwai munka hita. Amma da akwai gada, da ba a tambaye ni ba."

Malamin bai rubuta waccan maƙala ba. Abin da ya yi shi ne ya sayi na'urar ɗaukar magana, ya riƙa zuwa duk hutu yana zama da tsohon. Da farko kalmomi yake nema, irin na mai haɗa ƙamus: sunayen sassan jirgi, sunayen wuraren zurfi, yadda ake kiran ruwan da ke juyawa da wanda ke kwance. Ya sami wasu da bai gani ba a ƙamusun Bargery na 1934, ya yi murna irin ta mai bincike. Sannu a hankali ya lura cewa kalmomin ɓawo ne. Abin da ke cikinsu hukunci ne: mutum nawa jirgin nan zai ɗauka yau, wanda ba lallai ya zama adadin jiya ba, wa zai zauna gaba, wa zai zauna baya, a sauke buhu biyu ko a bar mutum biyu, a tashi yanzu ko a jira iska ta kwanta. Kawu yana duban launin ruwa da irin tarkacen da yake ɗaukowa, ya san an yi ruwa a gabas ko ba a yi ba. Bayan wannan duka akwai iko. Mai fito na da yana ƙarƙashin Sarkin Ruwa, yana da gado, yana da sunan gida da zai ɓaci. In ya ce ba a hayewa, ko ɗan sarki ne sai ya nemi inuwa ya zauna. A inda wasu ƙasashe suka girka dutse, mutanen Rima sun girka mutum mai ikon cewa a'a.

Da ya fahimci haka sai ya sake duban hoton Mostar, ya tuna abin da ya taɓa karantawa bai ba shi muhimmanci ba: sunan garin ma daga masu tsaron gada ya samo asali, mutanen da ke gadin mahayin tun tana ta katako, kafin a yi ta dutse. Can ma da mutane aka fara. Bambancin shi ne su dutse ya zo ya karɓe su aiki, ya kuma riƙe sunansu. A Rima aikin yana kuɓucewa daga hannun masu shi alhali abin da zai karɓa bai iso ko'ina ba.

Dalilan kuɓucewar ba ɓoyayyu ba ne. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984, mai iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 942 na murabba'in sukari, wato ma'aunin da injiniyoyi ke auna cikin tafki da shi. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha ga birni, sun kuma sauya halin gulbin. Ruwan da a da sama kaɗai ke saukar da shi, yanzu yana da ƙofa da mabuɗi. Kawu ya ce alamomin da ya gada sun fara yi masa ƙarya tun kafin ya ajiye gwangwala: sai ya ga cikowa ba hadari, ko ya ga rani ya yi nisa mashigi bai buɗe ba. Sannan inji ya shigo. Jirgi mai inji ya fi girma, ya fi sauri, kuma ba ya buƙatar shekarun da ake yi ana koyon karatun ruwa kafin a riƙe shi. Mai kuɗin saye ko na haya shi ne matuƙi. Man fetur yana da tsada, saboda haka kowane sawu sai an cika shi maƙil. Yawan jama'a ya ƙaru, kasuwanni sun bunƙasa, ga kuma rashin tsaro da ya addabi gabashin Sakkwato a shekarun nan, wanda ya sa wasu ke ganin hanyar ruwa ta fi ta daji kwanciyar hankali. Saurayin da ke riƙe da inji ranar kasuwa, fasinja sittin suna yi masa ihu, ba shi da sarautar da zai jingina da ita ya ce a sauka. In ya ƙi, na bayansa zai ɗauka.

Kawu ya rasu shekara huɗu bayan waccan ambaliya, an bar malamin da kaset-kaset na hira da littafin rubutu guda biyu. An raba gado, ba wanda ya nemi gwangwalar, sai ya ɗauko ta ya sa a mota. 'Ya'yan tsohon, ɗaya yana acaɓa a Sakkwato, ɗaya yana kasuwancin albasa zuwa kudu, kuma ba wanda zai zarge su, domin shi ma da ya zo da na'urarsa ai tun da fari ya bar sana'ar.

A watan Agusta na 2025 labari ya zo cewa jirgi ɗauke da mutane fiye da 50 ya kife a kan hanyarsa ta zuwa kasuwar Goronyo. Ba shi ne na farko a jihar ba. A 2022 an yi irinsa a ƙasar Shagari, inda yawancin waɗanda suka rasu yara ne da matasa. Malamin ya saurari rahotanni, ya ji ana ta maimaita abubuwa guda biyu, lodi fiye da kima da rashin rigar kariya, kuma duka gaskiya ne. Ya ji masu kira a gina gadoji, ya ce amin da zuciya ɗaya, domin ya riga ya ji daga bakin wanda ya fi kowa sanin ruwan cewa gada rahama ce. Fasahar yau ta iya abin da ta jiya ba ta iya ba: ana kafa ginshiƙan kankare har su tarar da ƙasa mai ƙarfi, ana ɗaga hanya ta ratsa fadama, ga siminti ana yin sa a Kalambaina daga dutsen ƙasar Sakkwato kanta. Sai dai ya san ba kowane mashigi ne zai sami gada a rayuwar waɗanda ke hayewa yau ba, ya kuma gani da idonsa a 2010 cewa wadda aka gina ma tana iya tafiya a dare ɗaya, a koma neman masu jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya. In an bar ilimin fito ya mutu da tsofaffinsa, ranar da aka neme shi ba za a same shi a ƙamus ba.

Wannan ne ya dame shi game da sana'arsa. Nazarin Hausa ya yi wa makaɗa da mawaƙa hidima, ya yi wa maƙera da majema da masaƙa, ya tattara kirarin sarakuna da na 'yan tauri. Masu ruwa sun fi fitowa ne a babin bukukuwa, inda ake kwatanta kamun kifi na Argungu, ko a babin tsafi da magani, inda ake lissafa asiran Sarkin Ruwa. Ɓangaren da ya shafi rai da mutuwar talaka ranar kasuwa, wato ƙa'idar lodi da ikon hanawa, shi ne wanda ya fi ƙarancin shiga takarda, wataƙila don ba shi da amo, ba shi da kirari. Shi kansa sai da ya zauna da kawunsa shekara biyu kafin ya gane cewa shi ne abin tambaya. Ya kan yi tunanin cewa da an rubuta wannan ilimi da harshen masu shi, da hukumomin da ke raba rigunan kariya sun sami abin da za su ɗora a kai, su mayar wa matuƙi ikon da ya rasa, ya zama in ya ce jirgi ya cika, akwai wanda zai tsaya bayansa.

Har yanzu yana koyar da aron kalmomi, har yanzu kuma yana rubuta gada sau biyu a allo. Amma yakan ƙara fito a ƙasa, ya tambayi aji ma'anarta. Mafi yawansu sukan ce fasa-ƙwauri. Kaɗan, galibi 'yan bakin gulbi, sukan yi murmushi su faɗi ta farko. Waɗannan yake riƙewa bayan darasi, ya ba su aikin kundin digiri: kowa ya koma garinsu, Wurno ko Rabah ko Goronyo ko Silame, ya nemi tsohon da ya yi fito kafin zuwan inji, ya zauna da shi. Yakan gargaɗe su kada su tsaya ga jerin kalmomi. Su tambayi tsohon ranar da ya ƙi hayewa, da abin da ya gani a ruwan, da abin da ƙin ya jawo masa.

Hoton Mostar ya koma bangonsa. A kusurwar da ke ƙarƙashinsa gwangwalar Kawu take jingine, ta fi rufin ofishin tsawo, sai da aka karkata ta. Baƙi sukan tambayi hoton, ba safai suke tambayar sandar ba. A zangon da ya wuce ɗalibai uku ya tura. Biyu sun dawo da hira. Ta ukun, wata yarinya 'yar ƙasar Goronyo, ta dawo ta ce ta sami gidan da aka kwatanta mata, amma ta tarar ana sadakar bakwai. Ta tambaya ko za ta canja batu. Ya ce a'a, ta koma ta tambayi matarsa, domin matar mai fito ta san daren da mijinta ya fita da daren da ya ƙi fita. Ranar Asabar ta kama hanya.